Sarƙa a gaba, santsi a baya: faman wani direba da dusar ƙanƙara a hanyar Sacramento zuwa Reno

Asalin lamarin

Mutumin direba ne ɗan arewa, ya yi shekaru yana jan mota a gida kafin ya koma Amurka da zama, a birnin Sacramento na jihar Kalifoniya. Aikin da ya samu shi ne kai ƙananan kaya, kwalaye da kayan gyaran injina, daga Sacramento zuwa Reno a jihar Nebada da motarsa ta kansa. Sienna ce irin dai wadda muka sani a tasha, mai jan gaba, wato tayoyin gaba biyu kaɗai inji yake juyawa, na baya bi kawai suke. Tafiyar kusan kilomita 210 ce a babban titin I-80, in hanya lafiya lau awa biyu da 'yan mintuna ka isa.

Matsalar tana tsakiyar hanya ne. Sacramento a ƙasa take can kusan daidai da teku, sanyinsu ruwan sama ne da hazo, amma titin sai ya haura duwatsun Sierra Nevada har Donner Summit, tsayin wajen mita 2,200, sannan ya gangara garin Truckee ya wuce Reno. Wurin ya samo sunansa ne daga ayarin matafiya na Donner da dusar ƙanƙara ta tsare a yankin a sanyin 1846 zuwa 1847 har da yawansu suka rasu, toh tun can dama ba wurin wasa ba ne. Kuma sanyin da wannan bawan Allah ya fara aikin, na 2022 zuwa 2023, ya zo cikin mafi yawan dusar da aka taɓa aunawa a wurin, tashar binciken da ke saman dutsen ta auna sama da inci 700 a wannan kakar kaɗai.

Dokar hanyar kan sarƙa, wato ƙarfen da ake ɗaura wa taya don ta kama dusa, mataki uku ce, hukumar tituna ta Caltrans ke sanar da ita, 'yan sandan hanya na tsaye a shinge. R-1, ƙananan motoci masu tayar dusa a tayoyin da ke ja suna iya wucewa ba sarƙa amma dole tana cikin but. R-2, kowa ya ɗaura sarƙa sai mai motar da ke ja da ƙafa huɗu kuma da tayar dusa a duka huɗun. R-3 kuwa kowa da kowa ne ba togiya, kodayake yawanci kafin a kai nan ma an rufe titin gaba ɗaya. In an sa dokar sarƙa gudu ba ya wuce mil 25 ko 30 a awa, wato kilomita 40 zuwa 48.

Nuwamba 2022: shirin farko

Tayoyin da ke jikin motar irin na kowane lokaci ne, waɗanda ake cewa suna yi da zafi da sanyi, da tambarin M+S, wato laka da dusa, a gefe. A dokar Kalifoniya wannan tambarin ya isa a kira taya ta dusa in dai zanenta ya kai zurfin 6/32 na inci, kusan milimita 5. Nasa na gaba sun kai da ƙyar, na baya kuwa sun fara suɗewa ba su kai ba, amma ya ce ai baya ba ta ja, ba ta juya sitiyari, a bar su su ƙarasa cinyewa. Ya sayi sarƙa mafi arha da ya samu, irin ta waya mai siffar tsani, wayoyin ƙarfe ne da suka ratsa taya a kwance da tazara a tsakani, ya jefa a but a cikin ledarta ko buɗewa bai yi ba.

Farkon Disamba 2022: sarƙa ta tsinke

Ranar da ya fara cin karo da R-2 da asuba ne, duhu, iska na kaɗawa, ga manyan tireloli na wucewa suna watsa ruwan gishiri da dusa. A nan ya fara buɗe ledar. Babu safar hannu babu tocila sai hasken waya, yatsu sun sandare ko ƙugiya ba ya iya riƙewa, da ƙyar dai ya maƙala ta a tayoyin gaba ya ja mota. Akwai masu ɗaura sarƙa a gefen hanya da ke da lasisi, a biya su su ɗaura, ya ga kamar asarar kuɗi ne.

Abu biyu bai yi ba. Na farko bai tsaya bayan 'yar tafiya kaɗan ya sake ɗaure ta ba, alhali sarƙa tana zama ne a jikin taya bayan ta juya wasu 'yan lokuta, sai ta saki, dole a sauko a ƙara tamke ta. Na biyu da ya fito wurin da motocin shara suka share har baƙin kwalta ya bayyana bai cire ba, ƙara totur ma ya yi don ya rama lokaci. Ya ce ƙarar da ya dinga ji kamar ana buga guduma a ƙasan mota, kafin ya ankara ta ɓangaren direba ta tsinke, jelar wayar ta dinga dukan cikin madgad ta yaga robar, ta tsinke siririyar wayar da ke bayan taya ta ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, fitila ta kama a dashbod. Allah ya taimake shi ba ta kama tiyon birki ba don a nan kusa yake. Ya ƙarasa Reno a hankali, kuɗin gyara ya fi kuɗin sarƙar.

Ƙarshen Disamba 2022 zuwa farkon Janairu 2023: hawa ya yi daɗi, gangara ta ƙi

Bayan gyara ya sayi sarƙa ta gaske mai zobban ƙarfe, ita ma tsani ce amma mai kauri, daidai lambar tayarsa, kuma ya duba littafin motar ya ga irin wadda aka yarda a sa saboda sararin da ke tsakanin taya da jikin mota kaɗan ne. Ya gwada ɗaurawa a ƙofar gida da rana tsaka har hannunsa ya saba. A daidai wannan lokacin ne guguwar ruwa daga tekun Fasifik ta fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, a ƙasa ambaliya a sama dusa.

A hawa abin ya burge shi sosai. Motoci na tsaye suna juya taya a wuri ɗaya shi kuwa yana haurawa kamar a busasshen titi, har ya fara ganin ai shi kenan an gama. Abin da ke faruwa a ƙasa shi ne nauyin gaban motar, da inji da komai, maimakon ya bazu a kan roba mai faɗin tafin hannu sai ya taru a kan 'yan zobban ƙarfe, su kuma su nutse cikin dusar da ta daskare su kafe, taya ta samu abin turawa. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1904 wani Ba'amurke ɗan jihar New York, Harry Weed, ya yi rajistar irin wannan sarƙar, lokacin ma don laka da dusa duka ake sa ta.

A gangaren Truckee ne labari ya canza. Ya shigo wata kwana mai faɗi, gudunsa cikin doka, ya taɓa birki kaɗan kawai, gaban motar ya kama ƙasa ya rage gudu, bayan kuwa da babu sarƙa kuma tayoyin sun suɗe bai samu abin kamawa ba sai ya fara zagayowa ta gefe yana neman wuce gaba. Motar ta juya ta tsaya tana kallon inda ta fito, bayanta a cikin tudun dusar da aka tara a gefen titi. Ba wanda ya ji rauni, bamba ta fashe, sai da motar janwe ta zo ta fizgo shi.

Lissafin wurin ba shi da wuya. In aka auna yadda taya ke kama ƙasa da lamba, babbar lamba riƙo mai ƙarfi, busasshiyar kwalta tana ba taya riƙo kamar 0.7, dusar da aka tattake kamar 0.2, ƙanƙara mai sulɓi kamar 0.1. A gudun kilomita 50 a awa, daga taka birki zuwa tsayawa mita 14 ne a na farko, kusan mita 50 a na biyu, kusan mita 100 a na uku. In kuma gangara ce mai kashi 6 cikin 100, irin wadda ake samu a titunan duwatsu, ita kaɗai ta cinye 0.06, toh a kan ƙanƙara me ya rage, 0.04 ne za ka raba tsakanin birki da kwana. Tayoyinsa na baya a wannan yanayin suke, na gaba kuma suna can sama da haka nesa.

Janairu 2023: dabarun da aka gwada

Nan ya shiga gwaje-gwaje, kowa da shawarar da yake ba shi. Na farko ya rage iskar taya, yadda direbobin hamada ke yi in za su shiga rairayi. A rairayi tana aiki don ana so taya ta faɗaɗa ta yi iyo a sama, a nan kuwa sai sarƙar ta ƙara yin sako-sako tunda tayar ta lotsa, sitiyari ya yi nauyi, ga shi dama sanyi da kansa yana rage iskar taya. Ya mayar da iskar yadda aka rubuta a jikin ƙofa.

Na biyu wani ya ce ya loda buhunan yashi a but. Wannan maganin motar da ke ja da baya ne, irin akori-kura in ba kaya, don a danne tayoyin da ke ja. A mota mai jan gaba nauyin da aka sa can ƙarshen baya ɗan ɗaga gaba yake yi, kuma in bayan ya fara zamewa nauyin ƙara masa ƙarfin juyawa yake. Sati ɗaya ya sauke su.

Na uku shi ne wanda ya fi kama da hankali kuma ya fi ruɗarwa. Ya sayi tayoyin sanyi na gaske guda biyu kacal saboda aljihu, ya ce a sa a gaba. Mai shagon tayar ya ƙi da farko, ya ce ko dai huɗu ko a sa sababbin a baya, shi kuma ya nace sai da ya je wani wuri aka sa masa. A ranakun R-1 motar na tashi da kyau ba sarƙa, tana shan kwana da kyau, amma wutsiyar na nan tana rawa duk sanda ya ɗaga ƙafa daga totur a kwana. Ciwon dai shi ne na Disamba, an canza masa riga ne kawai.

Wani dattijo cikin 'yan uwa da ya daɗe yana jan tirela a wannan hanyar shi ne ya zaunar da shi bayan sallar Juma'a, ya ce masa ƙanena mota ƙafa huɗu gare ta kai kuma biyu kake ta yi wa magani, ya kuma tuna masa cewa su ma a tirela ba kan motar kaɗai ake ɗaura wa sarƙa ba, har bodin baya doka ta ce a sa wa don kar ya zagayo.

Fabrairu 2023: tayoyin sanyi huɗu da sarƙa mai saƙar raga

Ya cike sauran biyun, huɗu iri ɗaya, masu tambarin dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a tsakiya. Wannan tambarin ba kamar M+S ba ne da siffar zanen taya kawai ake dubawa, shi sai taya ta ci gwajin ja a kan dusa kafin a buga mata. Bambancin yana wuri uku. Robar ba ta sandarewa, taya ta yau da kullum daga digiri 7 zuwa ƙasa take fara tauri, ta sanyi kuwa in ka danna ta da farce ko a cikin daskarewa za ka ji tana lotsawa. Sannan kowane ɗan tudun zanen an tsattsaga shi da siraran layuka masu zigizag, in taya ta taka sai su buɗe su zama ɗaruruwan bakuna masu cizo, suna kuma share ɗan ruwan da ke kwance a saman ƙanƙara, wanda shi ke sa ƙanƙarar da ke dab da narkewa ta fi mai tsananin sanyi santsi. Na uku ramukan suna cika da dusa su riƙe ta, dusa kuma tana manne wa 'yar uwarta fiye da yadda take manne wa roba.

Sarƙar ma ya canza zuwa mai saƙar raga, wadda zobbanta suka gicciya juna suka rufe fuskar tayar. Ita tsani in taya na juyawa wani lokaci ƙarfe ne a ƙasa wani lokaci roba ce zalla, riƙon yana zuwa yana ɗaukewa, shi ya sa mota ke karkarwa, kuma layukanta a kwance suke, suna taimakon gaba da baya amma ta gefe kaɗan ne. Mai raga koyaushe akwai ƙarfe a ƙasa kuma tana riƙe gefe. Littafin motarsa gaba kawai ya yarda a ɗaura, don haka baya tayoyin sanyin ne kaɗai aka bar wa aikin.

Ya samu wani filin ajiye motoci da ba kowa a Truckee da sassafe, dusa a tattake, ya gwada birki a ƙaramin gudu, da sarƙa da kuma babu. Ba shi da na'urar awo, sawun taya kawai yake dubawa. Da sarƙa motar ta fi saurin tsayawa ba shakka, kuma wannan karon a miƙe take tsayawa, bayan na ɗan motsi amma ba ya zagayowa. Babu sarƙa tazarar ta fi tsawo amma motar ta fi natsuwa a kwana don duka ƙafafun riƙo ɗaya suke da shi.

Ƙarshen Fabrairu zuwa Maris 2023: lokacin da dusa ta fi yawa

A wannan tsakanin aka yi ta rufe I-80 ana buɗewa, wasu ranakun ba tafiya sam sai dai a kira mai kaya a ba shi haƙuri. Ranakun da aka buɗe da R-2 dole ya ɗaura duk da sababbin tayoyin, tunda motarsa ba mai ja da ƙafa huɗu ba ce, dokar ba ta duba kyan taya. Tsarinsa ya zama haka: ya tsaya a wurin da aka ware tun kafin hawa, ya shimfiɗa tsohon buhu ya durƙusa, safar hannu ta roba da tocilar goshi, ya ɗaura, ya ja kamar mita 100 ya sauko ya ƙara tamkewa. A gangara ya sa ƙaramar giya inji ya riƙe motar, birki tun kafin kwana a miƙe, ba a cikinta ba. Da an wuce alamar ƙarshen doka ya samu wuri ya cire.

Abu biyu suka faru da suka raba aikin kowanne. Wata safiya babu dokar sarƙa ko kaɗan, titi baƙi wuluk kamar jiƙe kawai, ashe ruwan da ya narke jiya ne ya daskare da dare a kan wata gada, gada kuwa tana riga titi daskarewa don iska na bin ta sama da ƙasa. Ya ji sitiyari ya yi sakayau na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ya ɗaga ƙafa a hankali bai taɓa birki ba, motar ta wuce a miƙe. Sarƙar na cikin but a lokacin, ba kuma mai ɗaura sarƙa a titin da yake gani a share.

Ɗayan kuma a wata unguwa ce a kan tudu da motar shara ba ta shiga ba, dusa mai nauyi da ruwa-ruwa har kusan rabin taya, ƙarƙashinta ƙanƙara. Tayoyin sanyin suka yi ta juyawa a banza har suka goge wurin ya zama gilashi. Ya ɗaura sarƙa a nan inda ya maƙale, abin da ya fi wuya don taya ta riga ta nutse, ya ja a hankali motar ta haura a karo ɗaya.

Afrilu 2023: ƙarshen kaka

Ya gama sanyin ba tare da wani hatsari ba bayan na Truckee. Da gari ya fara zafi ya cire tayoyin sanyin ya ajiye don robarsu mai laushi saurin cinyewa take a kwalta mai zafi, kuma fiye da rabin hanyarsa dama a ƙasa take inda ba dusa, wannan asara ce da ya riga ya sa a lissafi. Sarƙar ya wanke mata gishiri ya shanya ya shafa mai, ya duba zobban da suka fara sirancewa.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

A ganina kuskuren da ya fi cin kuɗi ba arhar sarƙar farko ba ce, tunanin cewa sarƙa tana gyara mota gaba ɗaya ne. Sarƙa tana ƙara riƙo sosai, a dusa mai zurfi da tudun da ya daskare ta fi tayar sanyi mafi tsada, amma a tayoyin da aka ɗaura wa kawai, kuma gwargwadon yadda ta ƙara wa gaba haka take buɗe tazara tsakanin gaba da baya. A kan suɗaɗɗun tayoyin baya wannan tazarar ce ta juya shi. Da aka sa tayoyin sanyi a bayan sai tazarar ta ragu ta koma wadda direba zai iya sarrafawa, shi ya sa sarƙa a mota ɗaya take iya zama haɗari a Disamba ta zama taimako a Maris. Ko a tayar da aka ɗaura wa ɗin ma robar da ke tsakanin zobba tana taɓa ƙasa, in mai laushi ce tana nata aikin, in ta sandare ƙarfen ne kaɗai ke fama.

Sannan iyakarta a fili take. Ba ta wuce kilomita 50 a awa, a kan kwalta tsirara ɗaga roba take daga ƙasa ƙarfe ya dinga zamewa, birki ya ƙara tsawo ita kuma ta ci kanta ta tsinke, kuma ba ta da amfani ga ƙanƙarar da ba ka san da ita ba tunda tana but. A siririyar ƙanƙara mai tauri ma tayoyi masu ƙusoshi sun fi dacewa, Kalifoniya ta yarda da su daga 1 ga Nuwamba zuwa 30 ga Afrilu, sai dai ba sa ɗauke maka dokar sarƙa, kuma ga wanda yawancin hanyarsa busasshiya ce kamar wannan direban ƙara da cin titi kawai za su yi ta yi. Inda na ga har yanzu tsarin nasa yana da rauni shi ne bayan motar a ranakun R-2, don tayar sanyi komai kyanta ba ta kai gaba mai sarƙa riƙo ba, abin da ke cike gurbin ƙaramar giya ce da birki kafin kwana, ranar da ya yi sauri ko ya gaji tazarar tana nan.